Likitan Gari: Aikin Masu Bin Sawun Annoba a Yammacin Zamfara

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage shi)

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum, da duk ƙauyukan da muryar nan take kaiwa. Iyayenmu mata da ke cikin gida, manoma, masu haƙar ma'adinai, malaman asibiti, da ɗaliban sakandare masu burin zama likitoci, kowa ya matso kusa da rediyo.

Yau maganarmu a kan wani irin likita ce wanda ba kasafai ake samunsa a ɗakin duba marasa lafiya ba. Likitan da muka saba da shi, kai kake zuwa wurinsa, ya duba ka, ya rubuta maka magani. Wannan kuwa shi yake zuwa garinku, da littafi da biro da kwalaben ɗibar jini, yana ta tambaya gida-gida. Majinyacinsa gari ne sukutum. Shi ne likitan binciken annoba. Aikinsa ya gano abin da ke kwantar da mutane da yawa a lokaci guda, ta ina abin yake shigowa, da yadda za a toshe ƙofar. Mu a nan yammacin Zamfara ba labari aka ba mu ba, a gabanmu aka yi irin wannan aiki a shekarar 2010.

A watan Maris na waccan shekara, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suna zagayen da suka saba yi lokacin zafi, suna neman ɓullar sanƙarau. Sai labari ya iske su cewa yara ƙanana suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka, musamman 'Yargalma da Dareta. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya yi laushi, sai jijjiga da taune-taune, daga nan sai suma. Kowa ya ga wannan a watan Maris, abu biyu zai kawo a ransa: ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Aka yi ta ba da magungunan waɗannan cututtuka, amma yara ba su daina mutuwa ba.

A nan ne aikin mai binciken annoba yake farawa. Idan maganin da ya kamata ya yi aiki ya ƙi yi, ba ya cewa a ƙara allura. Komawa yake yi ya sake tambaya daga tushe. Tambayoyinsa uku ne: su wa abin yake kamawa, a ina, kuma tun yaushe?

Su wa? Galibi yara 'yan ƙasa da shekara 5. Sanƙarau kuwa ba ya tsayawa ga masu rarrafe kaɗai, yana kama 'yan makaranta da samari. A ina? A wasu ƙauyuka ƙididdigaggu, alhali maƙwabtansu suna zaune lafiya. Cutar da ke bin numfashi ba ta san iyakar ƙauye ba, ranar kasuwa ɗaya ta ishe ta ƙetarawa. Tun yaushe? Tun da zinariya ta yi tsada a duniya, aka fara kwaso duwatsu daga ramuka ana kawowa cikin gari ana farfasawa, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Da aka haɗa amsoshin nan uku, sai zargi ya bar ƙwayar cuta ya koma kan guba. Aka ɗebi jinin wasu yara aka aika ɗakin gwaji a ƙasar Jamus, sakamako ya dawo: gubar dalma ce, a matakin da likitoci da yawa ba su taɓa gani ba a rayuwarsu.

A watan Mayu na 2010 aka haɗa ayari. Akwai Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta Jihar Zamfara, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka wato CDC, da likitocin shirin horas da masu binciken annoba na Najeriya da ake kira NFELTP. Suka bi 'Yargalma da Dareta gida-gida. Ku saurari abin da suka ƙirga. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5 da ke gidajen da aka bincika, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Wato ɗaya cikin kowane huɗu. Kashi 82 cikin ɗari na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawa. Cikin rayayyun da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari dalmar da ke jikinsu ta kai matakin da dole a ba su maganin fitar da ita. Na'urar gwajin da aka zo da ita tana da iyakar da take iya karantawa, kuma jinin yawancin yaran ya wuce wannan iyaka.

Sai aka juya kan ƙasa. Akwai wata na'ura ta hannu da ake ɗora bakinta a kan turɓaya, nan take ta nuna yawan dalmar da ke ciki. A Amurka a wancan lokaci, ma'aunin da aka yarda da shi a wurin wasan yara shi ne kashi 400 cikin miliyan. A wasu wuraren niƙa na ƙauyukanmu an samu fiye da 100,000. A kan wannan ƙasa yaro yake rarrafe, ya dafa ta da hannu, ya kai hannun baki. Shi ya sa babba yake yawo da ƙafarsa yana ganin lafiya lau, jariri kuwa yana mutuwa. Hanjin yaro ya fi na babba tsotse dalma, ƙwaƙwalwarsa kuma tana cikin girma.

Akwai wani abu da ya fito daga bakin mutanen gari da kansu bayan an zauna da su. Sun ce tun kafin yara su fara ciwo sun lura agwagi sun ragu a gari, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Agwagwa a kududdufi take kiwo, kududdufin da ake wanke garin dutse. Da labarin agwagin ya kai kunnen wanda ya san fassararsa da wuri, da wataƙila an rage kaburbura. Irin wannan ne dalilin da ya sa a shirin horaswar da na ambata ake haɗa likitocin mutane da likitocin dabbobi da masana ɗakin gwaji a aji ɗaya.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan likitan binciken annoba, da abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010.

Gano cuta rabin aiki ne. Akwai maganin da ake haɗiya mai kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, kuma MSF ta buɗe wuraren ba da shi a asibitocin Anka da Bukkuyum. Amma likitoci suka tsaya a kan wata ƙa'ida da ta yi wa iyaye ɗaci da farko: ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ƙasarsa take cike da guba. Dole a fara gyara gida. Sai ƙwararru daga Blacksmith Institute da TerraGraphics suka haɗu da ma'aikatan muhalli na jiha da matasan ƙauyukan. Aka bi gida-gida da fartanya da shebur da buhuna, ana kankare saman ƙasa, ana kai ta ramin da aka tanada a binne, ana zuba sabuwa mai tsabta. An fara da Dareta da 'Yargalma ana tsere da damina, sannan aka yi Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin kuɗin aikin su fito daga Gwamnatin Tarayya, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi da matasan da suka yi gangamin a ceto Bagega. An ƙiyasta yara kusan 400 ne suka rasu a farkon wannan masifa, dubbai kuma suka sha magani. Sai a 2022 MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jiha.

Abin da aka koya a nan bai tsaya a nan ba. A 2015, da yara suka fara mutuwa da irin waɗannan alamu a ƙauyukan masu haƙar zinariya a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ba a daɗe ana lalube ba, domin an riga an san fuskar abin daga Zamfara.

Cikin likitocin Najeriya da suka yi binciken Zamfara akwai Dakta Nasir Sani Gwarzo, mutumin Jihar Kano, wanda a lokacin yake aikin binciken annoba a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Tafiyar aikinsa tana nuna yadda wannan sana'a take. A 2010 yana kan gubar dalma a Zamfara. A 2014, da cutar Ebola ta shigo Najeriya ta Legas ta ƙetara Fatakwal, yana cikin waɗanda suka tare ta. A 2020 shi ya jagoranci ayarin da Gwamnatin Tarayya ta tura Kano lokacin da aka yi ta yawan mace-mace a farkon korona. Dalma guba ce, Ebola da korona ƙwayoyin cuta ne, amma tambayoyin ba su canja ba: su wa, a ina, tun yaushe.

Labarin Ebola ɗin ma abin tsayawa ne. Mutum ɗaya ya sauka da ita a filin jirgin Legas ranar 20 ga Yuli, 2014. Dakta Stella Adadevoh, likita a asibitin da aka kwantar da shi, ta hana shi fita duk da matsin da aka yi mata, ta kamu, ta rasu. Daga nan masu bin sawu suka rubuta sunayen mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, suna zuwa wurin kowannensu kullum suna auna zafin jikinsa har kwana 21. A ƙasa mai miliyoyin mutane, cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita. Babu riga-kafin Ebola a hannu a lokacin. Littafin sunaye da ƙafar zuwa gida-gida ne suka yi aikin.

To mu dawo gida, domin dalma ba ita kaɗai ce ke damunmu ba. Muna cikin yankin da sanƙarau yake zagayowa, daga Senegal har Habasha, lokacin hunturu da bazara, sa'ad da ƙura da zafi suke busar da hanci da maƙogwaro, ga cunkoso a ɗakin kwana. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. Daga 2011 aka fara allurar riga-kafin nau'in da ake kira A, ya kusan ɓacewa. Sai nau'in C ya taso. A ƙarshen 2016 ya ɓulla a Zurmi, ya bazu, kuma kafin damina ta 2017 ta kashe kaifinsa an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 suka rasu, Zamfara ce kan gaba. Babban abin da ya jawo asarar nan shi ne jinkiri. Cuta ta yi makonni tana ci kafin labari ya isa inda za a ɗauki mataki.

Ga yadda lissafin yake, domin ku ga amfanin kai rahoto. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan aka samu mutum 3 masu alamun sanƙarau cikin kowane mutum 100,000 a mako guda, an shiga matakin faɗake. Idan suka kai 10, annoba ce, sai a nemi allurar riga-kafi ta gaggawa. Amma kafin a turo allura sai an san nau'in, shi ya sa likita yake ɗibar ruwan ƙashin baya ya aika gwaji. Iyaye da yawa suna tsoron wannan allura ta baya. Ku sani ɗan ruwan da ake ɗiba daga yaro ɗaya shi ne shaidar da za a nuna a kawo riga-kafin gari gaba ɗaya. Mai ciwon da aka ɓoye a ɗaki kuwa ba ya shiga lissafi, kuma rashinsa yana iya sa a ce gari bai kai matakin taimako ba.

Haka amai da gudawa, wato kwalara, take da damina. Mutanen Gummi sun ga ambaliyar 2024, sun san yadda ruwa yake haɗe masai da rijiya. A 2021 an lissafa mutum fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya. Hanyar binciken ta tsohuwa ce. A 1854 wani likita a Landan mai suna John Snow ya zana gidajen da aka yi rasuwa a kan taswira, ya ga sun kewaye famfo ɗaya, aka cire hannun famfon. Yau ma idan mai bincike ya zo unguwarku yana tambayar rijiyar da kowane gida yake ɗiba, da gidan bikin ko zaman makokin da aka ci abinci, abin da yake nema ke nan. Kafin ya iso, ga abin da ke hannunku: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta ba mai gudawa yana kurɓa a kan hanyar zuwa asibiti. Rashin ruwa a jiki ne yake kisa, kuma yana iya yi cikin sa'o'i.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Yanzu ga ku, 'yan makaranta. Mai son wannan aiki zai fara da riƙe darussan kimiyya da lissafi tun daga sakandare. Karatun likita shekara 6 ne, a jami'o'i irin su Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano. Sai shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Bayan nan ne ake karkata zuwa fannin lafiyar al'umma. Shirin NFELTP, wanda aka fara a 2008, horo ne na shekara 2, mafi yawansa a fagen aiki ake yin sa, a ƙarshe a samu digiri na biyu. Daga nan mutum zai iya aiki da ma'aikatar lafiya ta jiha, ko hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ko Hukumar Lafiya ta Duniya.

Kada in ɓoye muku wahalarsa. Ana iya kiran mutum ranar Sallah a ce ya kama hanya. Zai kwana a aji ko a barandar asibiti, ya hau babur ya ratsa gulbi, ya zauna gaban uwar da ta binne 'ya'ya biyu yana tambayarta yadda ciwon ya fara, domin a ƙauyen da ba a rubuta dalilin mutuwa, bakin uwa ne kaɗai rajista. Ga kuma matsalar tsaro da ta sa wasu ƙauyukanmu ma'aikacin lafiya ba ya iya shiga, ta tara jama'a a sansanonin gudun hijira inda ƙyanda da gudawa suke samun wurin zama. Amma ɗan ƙasa yana da abin da baƙo ba shi da shi. Ya san harshe, ya san wa ake fara gaisarwa, ya san me ake nufi idan aka ce yaro iska ta taɓa shi. 'Yan mata musamman, ana bukatarku, domin cikin gida inda yara suke, mace ce take shiga ta ji gaskiyar magana. Kuma ba sai likita kaɗai ba. Ayarin yana bukatar ma'aikatan jinya, da masu gwajin jini, da jami'an tsabtar muhalli, da likitocin dabbobi.

Sauran jama'a kuma, ga rabonku a cikin aikin. Kowace ƙaramar hukuma, har da Anka da Gummi da Bukkuyum, tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma kowane ƙaramin asibiti yana da hanyar isar masa da saƙo. Daga gare shi labari yake zuwa Gusau, daga Gusau ya wuce Abuja. Sai dai sarƙar nan daga bakinku take farawa. Idan kuka ga mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya da ciwo iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, ko babba yana zawo kamar ruwan shinkafa, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko yaro da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ko kaji da agwagi da awaki suna faɗuwa ba dalili, ku gaya wa malamin asibiti mafi kusa da mai unguwa a ranar. Limamai da masu wankan gawa da masu haƙa kabari, ku kuke fara sanin an yi yawan rasuwa. Ungozoma da masu maganin gargajiya da masu kemis, wurinku ake fara zuwa.

Na san abin da ke sa a yi shiru. A 2010 ma akwai waɗanda suka ji tsoron idan suka faɗi gaskiya za a hana su sana'ar da suke ci da ita. Tsoron ba na banza ba ne, domin talauci ne ya kai mutane rami. Amma dubi abin da binciken ya haifar: shawarar da aka bayar ita ce a fitar da niƙa da shanya daga cikin gari, a riƙa jiƙa dutse kafin a niƙa domin ƙura ta kwanta, mai aiki ya yi wanka ya canja tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa, kada a niƙa hatsi a injin da ya niƙa dutse, kada yaro ya je wurin aikin. Waɗannan sharuɗɗa suna nan har gobe, domin haƙar zinariya ba ta tsaya ba, dalmar kuma tana nan cikin dutsen. Iyayena mata, a ƙara da wannan: tozalin dutse da ake sa wa jarirai a ido, an gwada irinsa an samu dalma mai yawa a ciki, gara a bar shi.

Idan baƙi suka zo da littafi suna tambayar yara nawa aka haifa a gidan nan, nawa suka rasu, a ina kuke ɗibar ruwa, ku tabbatar ta hannun mai gari da malamin asibitinku cewa ma'aikatan lafiya ne, sannan ku ba su amsa yadda abin yake. Da wannan amsa ake sanin yawan maganin da za a turo da garin da za a fara kaiwa.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba, inda za mu duba yadda ake tsabtace rijiya bayan ambaliya. Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya tsare mu da zuriyarmu daga annoba. A madadin duk waɗanda suka haɗa shirin, nake cewa a kasance lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)